Datar Kaka Ta Ƙare

"Lafiya lau, sai dai ganinka ya ɓata min yammaci," in ji Kaka, ko kai ba ta ɗago ba.

Jikanta makaniki ne, daga gareji ya biyo, baƙin mai duk a farcensa. Shekara biyu ke nan ƙafafun Kaka sun daina ɗaukarta. Kullum wayarta na jingine da kwalbar magani, tana kallon ƙanwarta da ke zaune a wata ƙasa, tun safe har yamma. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Yau wayar a kife take kan katifa.

"Amarya, yau ba a buɗe gidan talabijin ba?"

"Sun rufe. Wai datar nan ta wata-wata da ba ta ƙarewa, sun soke ta. Wadda babanka ya sa min ran Litinin, kwana uku ta yi ta mutu."

"Ai ke kika jawo mana! Na ji manyan kamfanin har taro suka yi a kanki. Wai akwai wata tsohuwa marar haƙori da ta shanye rabin datar ƙasar nan."

"Haƙori huɗu gare ni, kuma kowanne ya fi ka amfani a gidan nan."

"Me ma kuke faɗa? Sau nawa nake shigowa in tarar kina minshari, tana minshari, data na ta zuba kamar famfo ya fashe?"

"Minsharinta ya fi min hirarka daɗi. Shekara ashirin da takwas ina aurenka, ko zare ban gani ba, sai warin fetur."

"To shi ke nan, na sake ki. Ƙanwar taki zan aura, ta fi ki kyau."

Kaka ta buɗe baki za ta rama, sai ta fasa. Ta shafa bayan wayar.

"Sai ka yi sauri," ta ce. "Likitoci sun sallamo ta gida. Ba ta magana yanzu, sai ido. 'Yarta ce ke juya mata wayar don ta gan ni. Babanka ya ce in riƙa kira minti biyar da safe, biyar da yamma. To ni yaya zan san wane minti biyar ɗin ne?"

Makaniki ya zauna a bakin katifar. Shi ma tun da aka soke tsarin ya koma lallaɓa tasa, don a bidiyo yake koyon gyaran sababbin motocin nan masu kwamfuta, kuma gobe akwai wadda ke jiransa. Ya ciro wayarsa, ya daddanna. Ta Kaka ta yi ƙara.

"Na sallama, kin ci. Na turo miki duk abin da ya rage min."

"Aikinka fa?"

"Da ka zan gyara ta."

"Allah ya jiƙan motar mutane," in ji Kaka, ta yi 'yar dariya tana share ido da gefen zane. "Kwana nawa za ta kai ni?"

"Biyu."

"Bayan nan fa?"

Ya danna mata lambar, kiran ya fara shiga.

"Goge hannunka ka riƙe min," ta ce.

Ya goge a jikin wandonsa, ya riƙe.