Fitilar da Ta Jefa Baffan Ango a Gonar Gero

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai Hafsatu ba, kuma ko na so mantawa dangin matata ba za su bar ni ba. Hafsatu ƙanwar matata ce. A nan Kazaure aka ɗaura mata aure, za a kai ta wani ƙauye gaba da Roni bayan magariba. Ana saura kwana uku ana rabon motoci, na ce tawa ce za ta ɗauki amarya. Sai Gwaggo Laraba, ƙanwar surukina, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wace motar? Wannan mai fitila kamar aci-bal-bal? A'a ɗan nan, ka dai ɗauko mana tukwane."

Tukwane! Shekara tara ina auren 'yarsu, amma a gaban mata aka haɗa ni da tukwane. Eh, fitilun sun dushe, ban musa ba, da dare sai na manna hanci a gilashi nake ganin rami. Amma wallahi maganar ta ƙona min rai. A wurin na rantse a zuciyata ni zan ɗauki amaryar nan, kuma ni zan ja gaba.

Washegari na faɗa Kano, na ce wa mai sayar da kayan mota ya ba ni ƙwan fitilar da ya fi kowane haske a shagonsa. Ya miƙo min wasu farare masu 'yar fanka a gindi. Na ce, "Jami'an hanya ba sa kama mutum da wannan?" Ya ce, "Yallaɓai, ai kafin su gan ka ka wuce." (Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, har gobe ban yafe ba.) Wajen mai wayarin kuwa, wato mai gyaran wutar mota, ban je ba. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, wani zai nuna min yadda ake sa ƙwai? Na kalli bidiyo a waya, na buɗe gaban mota. Suka ƙi zama, na danna su da ƙarfin tsiya har suka shiga. Na kunna da rana tsaka, na ga sun yi fari ƙal, na ce shi ke nan. Da Gwaggo ta ga hasken ranar biki, ta taɓe baki ta ce, "To, a sa amaryar a motarsa." Amarya da ƙawarta da matata a baya, Gwaggo a gaba kusa da ni, mota biyar a bayanmu.

Muna fita gari na lura da wani abu. Ina ganin kan bishiyoyi tar, har ganyen darbejiya ɗaya-ɗaya, amma titin da ke gabana duhu ne. Amma wa zan faɗa wa? Duk motar da ta tunkaro mu kuma sai ta danna min ful, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Na hau faɗa. "Ku ji min 'yan baƙin ciki! Ba ku taɓa ganin fitila ba ne?" Wani direban tifa ya leƙo ya ɗura min ashar, na rama masa, a gaban Gwaggo fa. Matata daga baya ta ce, "Baban Walid, anya ba fitilarka ba ce?" Na ce ta rabu da ni, tuƙi nake.

Mun bar kwalta mun shiga hanyar ƙauyen, damina ce, gero ya kai kan mutum dama da hagu. Sai ga babur yana tahowa. Na ga ya yi tangaɗi, ya yi dama, ya yi hagu, ya ɗaga hannu ya kare fuska, sai ji muka yi rim! Ya afka cikin gona. Mata suka sa salati. Ni kuwa, maimakon in ce sannu, na fito ina kumfar baki. "Kai makaho ne? Duk hasken nan ba ka ga hanya ba? So kake ka ja min masifa ranar biki?"

Mutumin ya fito daga cikin geron a hankali. Dattijo ne, farar babbar rigarsa ta yi kaca-kaca da taɓo, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Sai na ji Gwaggo a bayana ta ce, "Innalillahi! Alhaji, ku ne?" Ashe baffan ango ne, wanda ya karɓa masa aure da safe. Ya ga mun daɗe, ya fito tarar mu.

Na durƙusa a cikin taɓon nan ina "Baba, a gafarce ni." Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Hannuna kawai ya kama ya ce, "Taso, yaro. Zo ka tsaya nan inda nake." Ya tsayar da ni a gaban motata. Jama'a, ban ga mota ba, ban ga mutane ba, ban ga ƙafata ba. Hawaye kawai ke zuba. Ya ce, "To, ga hanya nan, nuna min ita." Mota biyar cike da dangin matata suna kallo, wasu na ƙunshe dariya a mayafi.

Nan take Gwaggo ta fito da amarya ta mayar da ita wata motar, matata da ƙawar amarya suka bi su. Ni aka ce in kashe fitila in koma can baya da ƙananan wuta, kada in makantar da na gabana ta madubi. Haka na shiga garin, na ƙarshe, ni kaɗai a mota.

Da na kai wa mai wayarin, bai ɓata minti biyu ba ya ce a kife na sa su, kuma ko daidai na sa, ba na irin gidan fitilar motata ba ne, haske kawai za su watsa a idon mutane, jami'ai su kama ni. Ya sa min waɗanda suka dace, ya goge gilasan, ya saita su a jikin bango. Yanzu ina ganin titi sarai.

Abin da na koya? In mota ɗaya ta ƙifta maka, wataƙila direban ne ɗan rainin hankali. In goma suka ƙifta, malam, sauka ka je gaban motarka ka tsaya, tun kafin a kama hannunka a kai ka.