Ranar da Na Sirka wa Kifi Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da launin kogin nan ba, don shi na fara gani da muka sauko daga bas. Kalar kunun tsamiya ne, ya cika har bakin ciyawa, yana gudu da rassan itace a kansa. Ni da na saba da ruwan unguwarmu Thamesmead a Landan, wanda yake kwance shekara da shekaru da keken tura kaya na kanti a cikinsa, ban san ruwa yana sauri haka ba. Watan Afrilu ne, an kwana uku ana ruwan sama, ina aji shida na firamare.

Abin da ya kai mu shi ne sakin kifi a kogin. Tun tsakiyar sanyi aka kawo mana ƙwan kifin salmon a wani akwatin gilashi, aka ajiye a bayan aji. Jajaye ne kamar duwatsun abin wuyan Umma. Muna kallo suka ƙyanƙyashe, suka zama 'yan kifaye masu tsawon ashana. Ni na fi kowa sanin su, har wani mai karkatacciyar jela na sani. Amma ban taɓa taɓa ruwansu ba, saboda sai wanda ya ɗaga hannu malama take zaɓa, ni kuwa hannuna bai taɓa wuce kafaɗata ba a ajin nan. Na dai lura akwai wata na'ura da take gurnani a gefe, gilashin kuma kullum yana gumi kamar tagar kicin ɗinmu in ana tuwo. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa hita ce. (Na'urar sanyaya ruwa ce. Wata uku ina kallonta.)

A bakin kogin wani tsohon Bature ya tarbe mu, Mista Alan, ɗaya daga cikin masu kamun kifi don nishaɗi. Wandon roba ne a jikinsa har ƙirji, hularsa cike da ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu. Ya yi mana dogon bayani. Ya ce ba a jefa ƙugiya sai da lasisi, kuma duk salmon ɗin da aka kama kafin tsakiyar watan Yuni dole a mayar da shi ruwa da ransa. Ya ƙara wata magana a kan ruwan bokiti, amma ta wuce ni, don ina can ina ƙirga ƙugiyoyin hularsa.

Aka raba mu biyu-biyu, kowane mutum biyu da bokiti da kifi biyar, aka ce mu jira ya zo ya duba. Ni da Ramatu aka haɗa, ƙawata, 'yar Ghana, mai Hausar zango da bakin da ba ya hutawa. Ta bar ni da bokitin ta tafi kallon agwagi. Na leƙa, sai ga mai karkatacciyar jela a cikin namu. Kifayen sun lafe a ƙasa ba sa motsi. Na tsoma yatsa, sanyi ya ratsa ni har haƙori.

Sai kun san Ummata kafin ku yi mini hukunci. A wurinta duk wata cuta da ke Landan daga ruwan sanyi take. Ba a wanka sai an sirka, ba a alwala sai an sirka, ko ƙaramin ƙanina za a wanke wa hannu sai ta gwada ruwan da gwiwar hannunta. Da ta sa hannu a takardar tafiyar ma, sai da ta cika mini filas da ruwan zafi saboda ina tari. Saboda haka da na ji sanyin nan, zuciyata ta ce an raba bayin Allah da hitarsu, an bar su a waje. Na waiga, ba mai kallona. Na buɗe filas na tsiyaya, na gwada da yatsa, na ƙara, har sai da ya yi daidai wankan jariri.

Nan take suka fara zagaye da gudu. Wallahi daɗi na ji, na ɗauka godiya suke yi. Can sai suka taso sama suna buɗe baki, biyu suka kwanta a gefe.

Daidai nan Mista Alan ya iso. Ya tsoma ma'aunin zafi, ya duba, ya girgiza shi, ya sake tsomawa. Ya ce da malama ko dai abin ya lalace ne. Ya gwada a bokitin da ke kusa, lafiya lau. Yara suka taru. Ya tambaya a hankali ko an bar bokitin kusa da injin bas, malama ta ce a'a. Sai idonsa ya sauka a kan filas ɗin da na ɓoye a bayana, yana ta tururi ta saman kafaɗata, don na manta ban rufe ba.

Cikin muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na ce da shi sanyi suke ji.

Sai Ramatu ta ce da Hausa, "Kai, kifi ne fa, ba kakanka ba ne." Mu biyu kawai muka gane, amma kowa ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Mista Alan bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya karɓi murfin filas ɗina, ya riƙa ɗebo ruwan kogi yana zubawa kaɗan-kaɗan, yana rage na bokitin. Ya ce in aka juye musu sanyi gaba ɗaya, shi ma kisa ne. Yana yi yana gaya mini cewa wannan kifi ɗan sanyi ne, ko babba suka kama sai sun jiƙa hannu kafin su taɓa shi, don ɗumin tafin mutum ma yana cutar da shi. Na tsaya ina kallon kifayen, ina karanta duk addu'ar da na iya. Huɗu suka miƙe. Ɗaya bai tashi ba, kuma ba sai na faɗa muku wanne ba ne.

Har yau a gidanmu in baƙo ya ce ruwa ya yi sanyi, Abba sai ya ce a kira ni. Umma kuwa ta tsaya a kan cewa niyyata mai kyau ce, kifin ne ba shi da tarbiyya. Ni dai na koyi cewa tausayi ma sai da tambaya, kuma kunyar da ta hana ni buɗe baki ba ta hana ni buɗe filas ba.

A ranar dai, da lokacin sakin kifi ya yi, malama ta ɗauke bokitin daga gabana ta miƙa wa Ramatu ita kaɗai, ta ce in koma bayan layi. Na koma. Na ga ana sakin na wasu, ruwa yana tafiya da su ɗaya bayan ɗaya, saura bokiti biyu a zo kan namu. Sai na ji ƙafata ta fita daga layi. Na je na ja hannun rigar Mista Alan, na ce, "Don Allah, in na jiƙa hannuna, za ka bar ni in saki ko da ɗaya?"