Laifin Bindiga Ne

Da na sayo sabuwar bindigar toka a Cadawa, na yi wa iyalina alkawarin naman zabin daji. Amma ko tulu na auna, sai dalma ta bi gefe. Na ƙara albarushi, a banza. Na ce maƙeri ya sayar mini da karkatacciya. Don in kafa masa hujja, na sa abokina Illa ya ɗauke ni a waya ina harbi.

Muka taru a maƙera muka kalla. Ashe idanu biyu nake runtsewa, in kau da kai!

Washegari na buɗe ido, na kayar da zabi biyu, na ratsa gari da su a kafaɗa. Har yau ko shayi zan kurɓa, sai Illa ya ce, "Maharbi, buɗe ido!"