Ranar da Na Tsaya wa Nas Binta

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina koyarwa, har da sunayen ɗaliban da suka fi ba ni wahala. Amma ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar da na miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin taro a Sabon Gari, ina kumfar baki, ina kare mutuncin matar da ba a ma taɓa haihuwarta ba.

Malamin Hausa ne ni a wata sakandare a Samaru, kuma ni ke kula da ƙungiyar muhawara. Duk makarantar an san ni da abu guda, wato ƙin wasannin kwaikwayon talabijin. In aka yi kuskuren ba ni dama a asambili, sai na yi minti ashirin ina caccakar su, yara na tsaye a rana. Har suna suka laƙaba min, Malam Ɓata Lokaci (sun ɗauka ban sani ba, alhali har daɗinsa nake ji). Wanda na fi ragargaza kuwa wani shiri ne mai suna "Tanko Ya Dawo". Alhaji Tanko attajiri ne da ya mutu sau uku, kuma kowane karo sai ya dawo. A dawowarsa ta biyu ma wani ɗan wasa daban aka kawo, gajere mai tumbi, alhali na farkon dogo ne siriri, amma duk gidan ba wanda ya ce uffan, matarsa ta dai ce masa ya sha hanya. In mota za ta yi hatsari, sai a girgiza kyamara, a gangaro da taya ɗaya ta wuce. Na hana 'yan ƙungiyata kallonsa, na ce duk wanda na ji yana ba da labarinsa ya nemi wata ƙungiyar.

Na san za ku ce to yaya aka yi na san duk wannan.

Shagon aski ne ya ja min. Wata rana na tarar da layi, talabijin na kunne, na zauna ina tsaki. Sai aka nuno wata ma'aikaciyar jinya, Nas Binta, an kama ta wai ta yi wa Alhaji Tanko allurar da ta kashe shi. Mu masu kallo kuwa mun ga komai. Ƙaninsa Ilu ne ya lallaɓo ya sauya kwalbar maganin lokacin da ta fita amsa kira. Baiwar Allah nan tana kuka tana rantsuwa, ba mai saurarenta. Layi ya zo kaina, na ce wa na bayana ya wuce. Bayan kwana huɗu na koma shagon da kaina ƙwal, mai askin ya dube ni ya ce, "Malam, me kuma za a aske?" Na ce gyaran fuska.

Daga nan abin ya zama ciwo. Na riƙa hawa mota tun daga Samaru har kasuwar Sabon Gari wurin masu tura finafinai a waya, don kada ɗalibi ya gan ni a na unguwarmu. Lokacin tara in shige ƙuryar laburare, in toshe kunne, in haɗe rai. Abokan aikina sun ɗauka labaran duniya nake saurare. Akwai ranar da malamar lissafi ta ga idona ya yi ja, ta ce lafiya? Na ce mata duniya ce ta rikice.

Ana cikin haka aka kawo takardar gasar muhawara ta makarantun shiyyarmu. Za mu kara da wata makaranta a Sabon Gari, wanda ya yi nasara shi zai tafi Kaduna zagaye na gaba. Batun kuwa: "Ba a taɓa yin shiri mafi muni a talabijin kamar 'Tanko Ya Dawo' ba." Ƙuri'a ta ba mu ɓangaren goyon baya. Shugaban makaranta ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan kam naka ne, Malam."

Jagorar masu muhawararmu Rifkatu ce, 'yar ajin ƙarshe daga Bomo. Yarinya ce mai kaifin baki da son gaskiya, burinta ta zama lauya. Sau biyu tana kaiwa wannan matakin ana fitar da ita, wannan ce damarta ta ƙarshe. Kuma ita kaɗai ce, ina jin, ta ɗauki dokata da gaske. Ba ta taɓa kallon shirin ba, don haka ta bi ƙawaye da maƙwabta tana tsintar labarinsa. A ranar gwajinmu na farko ta tashi ta ce babbar hujjarta ita ce shirin yana koya wa jama'a tsoron asibiti, tunda an nuna nas ta kashe majinyaci da gangan.

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna tambayar da za ta biyo baya: Malam, ina ka sani? Na rufe bakina, na ce, "Da kyau. Ki dai ƙara ɗaga murya."

Sati shida muka yi a haka. Kowace Talata da Alhamis Rifkatu na tsaye tana yi wa Nas Binta ƙazafi, ni ina zaune ina gyaɗa kai. In na koma gida matata ta ce me ya same ni na kasa cin tuwo, in ce aiki ne.

Ranar gasa ɗakin ya cika maƙil da ɗalibai da malamai da iyaye. Mahaifin Rifkatu ya bar gonarsa ya zo, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita, ya zauna kusa da ni. Ya ce bai taɓa ganinta tana muhawara ba sai yau. Alƙalai uku ne, shugabarsu wata tsohuwar hedimistires mai ritaya, Mama Saratu, wadda ko murmushi ba ta yi.

'Yan Sabon Gari suka fara da dabara. Suka ce ai akwai waɗanda suka fi shi muni: shirin girkin da ba a taɓa ganin abincin ya dahu ba, sai a ɗauko wani daga ƙarƙashin tebur, da shirin hirar da mai gabatarwa ke yin tambaya ya amsa wa kansa, baƙo na zaune yana kallonsa. Aka yi dariya. Amma da Rifkatu ta tashi, sai ɗakin ya koma nata. Ta gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, sannan ta shiga Alhaji Tanko ba sassauci. Ta ce mutumin da mutuwa ta gaji da shi har ta daina karɓarsa. Ta ce an yi shekara da shekaru ana shirin, yaron gidan bai fita daga aji uku ba. Mutane na ta tafi, mahaifinta na ta taɓa ni yana cewa, "Malam, ka ji ta? Ka ji ta?" Wallahi mun riga mun ci. Ko makaho ya san mun ci.

Sai ta iso kan Nas Binta. Da ta tsaya kan abin da muka saba, da na daure, tunda na yi sati shida ina daurewa. Amma daɗin tafi ya ɗebe ta, ta ƙara abin da babu a takarda. Ta nuna sama da yatsa ta ce, "Wannan muguwar mata, marar imani, da ni ce alƙali, ɗaurin rai da rai zan yi mata!"

Ɗakin ya ɗauki sowa. Ni dai ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ƙarya ne! Wallahi ba ita ba ce! Ilu ne ya sauya kwalbar! Ta fita amsa kira ya shigo ta taga, kowa ya gani, kashi na ɗari da sha bakwai! Matar da ta sayar da keken ɗinkinta don ta yi jinyar uwarta, ita ce za ta kashe mutum? Ku ji tsoron Allah!"

Tsit. Har ƙarar fankar sama ana ji. Na tsinci kaina a tsaye, hulata ta karkace, yatsana na nuna ɗalibata. Ɗalibaina na layin gaba duk sun juyo, baki buɗe. Can daga baya wani mahaifi ɗan Sabon Gari ya ɗaga murya da turancin kasuwa, "Oga ticha, so you sef dey watch am!" Wato ashe ni ma ina kallo. Ai kuwa ɗakin ya fashe. Har da masu buga benci.

Mama Saratu ta buga tebur sai da aka yi shiru. Ta sauke tabaranta, ta dube ni ta ce, "Malam, zauna. Ba a ba ka izinin magana ba." Na fara lallaɓawa zan zauna, sai ta ƙara da cewa, "Kuma kashi na ɗari da sha tara ne."

(Na duba daga baya. Ita ce da gaskiya.)

Sauran ba sai na ja ba. Rifkatu ta daburce, ƙararrawa ta kama ta a tsakiyar jimla. Mai rufe wa 'yan Sabon Gari jawabi bai ma wahalar da kansa ba. Ya ce, "Alƙalai masu girma, babbar hujjar abokan karawarmu malaminsu ya rushe ta da bakinsa. Kuma shirin da ya sa babban maƙiyinsa ya tashi yana rantsuwa a bainar jama'a, ta yaya zai zama mafi muni?" Ya zauna. Aka rage mana maki saboda katsalandan, aka ba su nasara. Mahaifin Rifkatu ya miƙo min hannu ya ce, "Sannu, Malam," irin sannun da ake yi wa wanda ya faɗo daga kan babur.

A bas ɗin makaranta, tun daga Sabon Gari har muka wuce Hanwa ba abin da ake ji sai dariyar da yara ke ƙunshewa tana kuɓucewa ta hanci. Rifkatu na kujerar baya, ta jingina kai da taga. Kunya ta ishe ni, amma tausayinta ya fi kunyar. Na tashi na koma kusa da ita, na ce ta yafe min, na ɓata mata damarta saboda shirme.

Ta ɗago kai daga tagar. Sannan ta ce, "Malam, ni kallon da kake yi bai dame ni ba. Ko mamata tana kallo. Amma sati shida kana ji ina faɗin abin da ba haka yake ba, ka bar ni na zo na faɗa a gaban babana."

Gaskiyarta ce. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa mai muhawara ba ya tsayawa kan hujjar da bai tabbatar ba, ga shi ni na riƙe wa yarinya gaskiya don kada a ce Malam na kallon wasan kwaikwayo. Kalma biyar a ranar gwajin farko da sun wadatar. Da an yi min dariyar kwana biyu a aji, da ita ta tafi Kaduna.

Ran Litinin na nemi a ba ni dama a asambili, na ba ta haƙuri a gaban kowa, na kuma janye dokar. Minti biyu kacal na yi, yara har suka tafa don mamaki. Rifkatu ta yafe min, sai dai har ta gama makaranta, duk abin da na faɗa a aji sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka tabbata, ko akwai abin da ka sani ba ka faɗa ba?"

Har gobe ina nan kan bakana cewa "Tanko Ya Dawo" shirme ne tsantsa, kuma har gobe ina kallonsa, yanzu a falo, matata na gefe tana yi min tsiya. Abin da na koya dai shi ne, in kana da ɗan abin kunyarka, ka faɗe shi da wuri a gaban mutum biyar, da bakinka, kana zaune. In ka ɓoye shi, shi zai zaɓi ranar da zai fito, kuma ba kai kaɗai zai kayar ba.