Firijin da Ya Mutu a Gida Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya wuce na kuka, mai kitso ta gidan ƙarshen layi, a madadin kanta da mahaifiyarta Inna, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar firijinta, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu yana da shekara goma sha tara a hannunta, ban da waɗanda ya yi a hannun wani kafin ta saye shi.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya shiga sabgar kowa. A lungun falo yake tsaye, an tokare masa ƙafa ɗaya da guntun katako, ƙofarsa kuma sai an danna ta da gwiwa take rufuwa. Maganarsa biyu ce a duniya: "ruuu" idan an kawo wuta, da "ƙat" idan an ɗauke. Ya sanyaya wa masu zuwa kitso ruwa, ya riƙe wa rabin layi amanar nama bai taɓa cin ko tsoka ɗaya ba. Amma babban aikinsa shi ne tsare allurar ciwon suga ta Inna. Allurar nan ba ta son zafi, Inna kuma ba ta iya kwana biyu babu ita.

Ajalinsa ya zo ranar da ambaliya ta shigo layi. Kafin a farga ruwa ya kai ƙugu. Mai kitso ta goya Inna ta fita da ita, Dattijo ya yi "ƙat" na ƙarshe a tsaye inda yake. Sanyi ya kama Inna, aka ba ta gado a asibiti, mai kitso ta bar makullin gida a hannun matar tela ta tafi jinya.

Layin gaba ɗaya inshora ɗaya suke ciki, kamfanin kuma ya ce babu hoto babu biya. To, firijin tela ruwa ya tafi da shi, na direba an riga an sayar wa 'yan gwangwan, wasu kuwa, tsakani da Allah, ba su taɓa mallakar firiji ba. Matar tela ta bugo waya asibiti.

"Yaya, don Allah aron Dattijo za mu yi. Hoto ɗaya, mu dawo miki da shi."

"Ku ɗauka mana," in ji mai kitso, tana gyara wa Inna zani. "Me kuma zai yi mini yanzu?"

Haka marigayin, wanda bai taɓa leƙa ƙofar gida ba, ya yi yawon da bai yi da ransa ba. An tura shi a baro har gida shida. Direba ya kwantar da shi rigingine, malamin makaranta ya shafe shi da laka, mai gyaran waya ya ɗora masa tsohon labule. Kowa ya aika hotonsa, ma'aikata suka duba da ido suka biya kowa.

Bayan kwana goma sha ɗaya mai kitso ta dawo. Ta mayar da Dattijo lungunsa, inda layin da ruwa ya bari a jikinsa ya yi daidai da na jikin bango, ta ɗauki nata hoton ta aika. Ashe a makon ne kamfanin ya fara aiki da na'ura mai gane hoto. Aka kira ta ofis. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta juyo mata fuskar kwamfuta, sai ga Dattijo sau bakwai a jere, kowanne an zagaye masa lotsawar gindin ƙofa da jan layi.

"Hajiya, firiji ɗaya ne duk waɗannan. Naki ne ya zo ƙarshe, shi ya sa aka ƙi shi."

"Ai nawa ne. Dubi bangon."

"Na'urar ba ta duba bango, ki yi haƙuri. Amma ga takarda. Idan kin sa hannu cewa naki ne, su ara suka yi, za a sake buɗe takardunsu a karɓo abin da aka ba su, a biya ki. Wataƙila maganar ta kai ga hukuma. Zuwa Litinin kike da ita."

Mai kitso ta karɓi takardar ta ninke gida huɗu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ji haushi ba, ba ta ji komai ba ma. Ta san asarar tela ta gaske ce, ta kuma san 'ya'yansa biyar ɗaya bayan ɗaya, ita ke yi wa matan cikinsu kitso.

Marigayin ya bar Inna, da kwalaben allura uku waɗanda yanzu suke zaman haya a cikin bokiti da ƙanƙarar saye, wadda ba ta kai azahar. Ya bar takarda ɗaya da har yanzu ba a sa wa hannu ba. Ya kuma bar jikoki shida, sababbin firiji farare sol, a gidajen maƙwabta, waɗanda tun da labarin takardar ya fita suke gaida mai kitso daga nesa suna sauri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gida, idan ɗan gwangwan ya iso da ma'auninsa. Ba za a yi wanka ba, ruwa ya riga ya yi. Ana roƙon masu zuwa kada su ɗauki hoto. Ba a bukatar zaman makoki ko kuɗin gaisuwa, sai dai iyalan suna roƙon duk mai sabon firiji a layin ya ba Inna wurin ajiye kwalba uku. An tura wannan roƙo ta waya tun ranar Talata, kuma duka shida sun karanta.