Faransancina da makullin Malam Umaru

Duk abin da zan manta a sana'ata, ban da ranar da Malam Umaru ya ajiye kwamfutarsa a kan teburina. Abu uku ne a cikinta. Akwai hotunan takardun fanshonsa, waɗanda ko sun ɓata ana iya sake nema. Akwai hirarrakin da ya yi shekaru yana ɗauka da tsofaffin masunta na bakin kogin Kwara, daga Zagga har kan iyaka, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sai na uku, wanda bai taɓa niyyar ɗauka ba: muryar matarsa marigayiya Inna Hajo, da ta faɗo cikin wata hira tana yi masa faɗa ya bar surutu tuwo na hucewa. Kowa a unguwarmu ya san Malam yana yawan kunna wannan wurin.

Ni dillalin wayoyi da kwamfutoci 'yan kwatano ne a Bagudo. Daga firamare na tsaya (Malam Umarun nan ne ya koya mini haɗa baƙi), na fara da cajin waya a bakin tasha, har Allah ya sa nake tsallaka Benin in ɗauko kaya da kaina. Gyara kuwa da ido na koya. Ban yi wa kowa ƙarya ba da na sa aka rubuta Injiniya a allon shagona, mutane ne suka fara kirana haka, ni dai ban hana ba. Faransanci ma ina ji, irin wanda ake ciniki da shi: gaisuwa, ƙidayar sefa, da yadda ake ba jandarma haƙuri. A wurina wannan ya isa a ce mutum ya iya yare.

Matsalar Malam ƙarama ce. Agogon kwamfutar ne yake komawa baya kullum. Na buɗe ta, na cire ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, na sa sabo, na ɗaure. Da na kunna sai allo ya yi baƙi, ya fito da layi ɗaya yana neman makulli.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ɗansa Nasiru, wanda yake aiki a Parakou ta ƙasar Benin, shi ya saya masa ita, kuma ya kulle duk abin da ke ciki. Makullin ba kalma ba ce da Malam zai haddace. Yana ajiye a cikin wani ɗan ƙaramin cif a jikin injin, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne: in an kunna, sai ya duba ko komai yana yadda ya san shi, sannan ya miƙa wa manhajar makulli ta buɗe. Cire batirin da na yi ya sauya wani saiti, mai gadi ya ga baƙuwar fuska ya riƙe kayansa. Ba abin da ya ɓata. Ƙin bayarwa kawai ya yi.

Ranar kasuwa ce, shago cike. Taubashina Sani mai shinkafa yana zaune kan benci, ba sayen komai ya zo ba, fanka ya zo sha.

Malam ya ce, "Ɗana, ko mu kira Nasiru? Shi yaɗ ɗaura mata wanga abu."

Nasirun da na goya a bayan keke? A gaban kwastomomina? Na ce, "Baba Malam, bar yaro ya yi aikinai. Wanga ba komi ba ne."

Na shiga saitin injin, can inda ake shiga tun kafin manhaja ta tashi. Komai da Faransanci. Na yi ta hawa da sauka ina gyaɗa kai kamar mai karanta wasiƙar gida. Na ga wani layi mai kalmar da ta yi kama da tsaro, na danna. Sai ga akwati ya fito da dogon rubutu, har da ja a ciki, da zaɓi biyu a ƙasa. Ɗaya an rubuta Effacer, ɗaya Annuler. Gaskiya jan rubutun ya tsorata ni, kuma niyyata in fita in bar wurin. (Ina so a rubuta mini wannan: niyyata mai kyau ce.)

Sani ya leƙo ta kafaɗata. "Injiniya, mi tac ce?"

"Tambaya take ko a fasa," na ce. "Ba ka gani ba? E-fa-se. A fasa. Ai Faransanci rabinai Hausa ce anka lanƙwasa."

"To ɗayan fa?"

"Wannan ko sunanai ka ji ka san annoba ce. Ba mu taɓa shi."

Aka yi dariya, wani ma ya ce kai, Alhaji ƙwaro ne. Na danna Effacer. Ta sake tambayata, da wani jan rubutun da ya fi na farko tsawo. Na ce wa jama'a, "Kun ga naci irin na Bafaranshe," na sake dannawa.

Na kunna, baƙin allo. Na kashe na kunna, baƙin allo. Na mayar da tsohon batirin, na hura iska, na yi duk surkullen da muke yi in dabara ta ƙare. Bayan mun dawo daga azahar na haƙura na ce a kira yaron. Malam kunnensa ya yi nauyi, don haka aka buɗe muryar wayar, duk shago na ji.

Nasiru ya saurara, har ya yi 'yar dariya. "Yaya, wannan mai sauƙi ne. Akwai layi guda da ya kashe kansa da ka cire batiri. Ka kunna shi, makulli zai fito da kansa. Abu guda dai, don Allah, in ka ga inda anka rubuta Effacer, ko kusa kada ka je."

Na ce, "In an je fa?"

"Gogewa ke nan. Shafe makullin zai yi, ko kamfanin da ya ƙera ta ba ya maido shi."

Da Sani ya yi shiru, wataƙila da na sami minti ɗaya na tattara fuskata. Sai ya matso bakin wayar. "Nasiru, ai Injiniya ya fasa. Har sau biyu ya fasa."

Ba wanda ya yi dariya a karon nan. Nasiru ya yi salati. Na tambaye shi ko akwai makulli na biyu, ya ce ya yi niyyar yi in ya zo hutun Sallah, bai samu zuwa ba. Kwafi fa? Babu.

Malam ya karɓi wayar da hannu biyu. "Nasiru, ita muryar innarka, ta fita ne?"

"Tana ciki, Baba. Komi na ciki. Buɗewa ce ba a iyawa."

"Har abada?"

Kuka ya ƙwace wa yaron.

Na so Malam ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga sandarsa kamar zamanin aji uku. Sai kawai ya rufe kwamfutar a hankali, ya naɗe ta cikin ɗankwalin da ya kawo ta, ya ce, "Da ba ka iya karantawa ba, ɗana, ai da sai ka ce ba ka iya ba. Ban taɓa bugun yaro don wannan ba." Mutanen da ke shagon suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya riga ya zaɓi waya.

Daga baya wani ɗan'uwan Malam ya matsa a kai ni gaban alƙali, tunda a shari'a mai sana'a shi ke lamunin abin da ya lalace a hannunsa. Ni ma na ce a je, ko na samu abin da zan biya in ji sanyi. Malam ya ƙi. Ya ce alƙali zai ce in biya kwamfuta, kwamfuta kuwa ga ta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na kai masa sabuwa har gida, ya sa aka maido mini. Nasiru ya ce in an wanke tsohuwar, aka goge duk abin da ke ciki, za ta yi aiki kamar da, Malam ya ce ba mai wanke ta yana raye.

Yanzu in na'ura ta yi mini magana da yaren da ban iya ba, hannuna a aljihu nake sa shi, in nemi wanda ya iya ko da jikana ne. Ciniki bai mutu ba, mutane suna da saurin mantuwa in kaya na da araha. Abin da na samu shi ne suna: daga Bagudo har Kamba, Alhaji Afasa ake ce mini, har direbobin kan iyaka. Abin da na rasa kuwa, Malam yana amsa gaisuwata cikin mutunci, yana tambayar iyali, amma tun ranar bai sake ce mini ɗana ba.