Rasuwar Sauro, Babur ɗin Kofur Gariba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Ubangiji ya hukunta, Memunatu matar Kofur Gariba ta unguwar Sakasaka, a madadin kanta da 'yarta Zalia wadda ko zama ba ta fara ba, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa jin kukansa a lungu, rasuwar Sauro, babur ɗin aikin mijinta. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce, da rana tsaka, a kan titin da ya taso daga filin jirgi, a bainar jama'a, sanye da fararen kayan da ba nasa ba.

Kofur ne ya kamata ya yi wannan sanarwa. To amma tun ranar yawanci yana zaune a bakin ƙofa da hular kwano a cinya, hannu naɗe da tsumma, ko gaisuwa sai an maimaita masa. Shi ya sa matarsa ta ɗauki nauyin, kuma tana roƙon a yafe mata in ta faɗi abin da ba a saba faɗa ba.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Ya riga Memunatu shiga rayuwar Kofur, don a kansa ma ya riƙa zuwa gidansu tun ana neman aurenta. Baƙi ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, kujerarsa ta sha faci. Yaran bariki ne suka raɗa masa suna saboda muryarsa, wata 'yar siririyar ziiin-ziiin da ba ta tsorata ko akuya. Daga baya aka kawo wa ofishinsu waɗansu manyan babura farare daga kudu, masu ciki kamar randa da jiniya mai tada unguwa, waɗanda mutanen gari suke kira su Alhaji. Ran da suka iso aka matsar da Sauro daga inuwar rumfa zuwa gindin darbejiya. Bai yi gunaguni ba. Washegari bugu ɗaya ya tashi ya tafi aiki.

Memunatu ba ta taɓa tuƙa babur ba, ba ta kuma yi boko mai nisa ba. Amma ita take wanke wandon Kofur, kuma daga ƙaya da laka da kashin shanun da take kankarewa ta san inda aikin ɗan sanda yake a ƙasar nan. Kwalta tana ƙarewa ne kaɗan bayan Gurugu. Daga nan sai sawun shanu, da tudun doya, da kututture, da rafin da ya ƙafe ya bar yashi. Can ake satar dabbobi, can ake fasa kai a kan rijiya, can ake neman hukuma. Babur ɗin da zai je can sai wanda cikinsa ya yi nesa da ƙasa, wanda namiji ɗaya, ko da yunwa a cikinsa, zai iya ɗagawa in ya faɗi. Sai wanda yake tashi da ƙafa, ba ya jiran batir, wanda in ya lalace a daji waya da bakin cokali za su dawo da shi gida. Marigayin duk ya haɗa waɗannan, ga kuma rashin haɗama: abin da ɗaya daga cikin su Alhaji zai shanye kafin ya gama ɗumama jiki, shi zai kai Sauro ruga ya dawo. Ƙaramar muryarsa ma alheri ce, don sai ya zo dab da ɓarayi kafin su ankara. An taɓa gwada tura wani Alhaji hanyar ruga sau ɗaya. Tun daga nesa jiniyarsa ta watsa shanu, ya isa yashi ya kwanta a gefensa, sai da aka ɗaura masa igiya bijimi ya jawo shi. Ba a sake ba.

Kowa ya san irin shekarar da ake ciki. Ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye abin da ya rage a gonaki, shaguna sun zama kanta da ƙuda. Mata suna kwana a layin masarar agaji, maza suna kwana a layin mai. A cikin wannan hali marigayin ya nuna irin haƙurinsa. An ba shi fetur da aka sirka da kananzir, ya sha, ya yi tari, ya tafi. Da tayarsa ta baya ta fashe aka rasa tib a duk faɗin Tamale, Memunatu ta yayyaga tsohon zanen aurenta aka cusa a ciki, ya ci gaba da tafiya a kan zanen, yana ɗan ɗingishi kamar dattijo mai ciwon gwiwa.

A nan ne iyalin suke son a saurara da kyau, don abin da zai biyo shi ne dalilin da ya sa mace mai goyo ta zauna rubuta ta'aziyyar ƙarfe.

Bayan haihuwar Zalia da 'yan watanni, nonon Memunatu ya ɗauke. Ba ciwo ba ne, uwar da ba ta ƙoshi ba ce. Madarar gwangwani ta ɓace sai a hannun 'yan kalabule, masu ɓoye kaya su sayar ta bayan gida, kuma albashin kofur ba ya ko gaishe su. Matan Fulani masu tallar nono sun daina shigowa gari, don shanun sun yi nisa wajen neman ciyawa. Yarinyar ta koma kuka ba hawaye. Ana nan, rannan Kofur ya je zagayensa rugar wani makiyayi, Hamman, ya zauna shan ruwa, aka tambaye shi iyali, bakinsa ya kasa cewa lafiya, ya faɗi halin da 'yarsa take ciki. Matar Hamman, Kadiatu, tana jin su daga bayan bukka. Ta tashi ta wanke wata kwalba, ta cika ta da madarar da aka tatso da safe, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ta ɗaure a ƙarƙashin kujerar Sauro da hannunta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ka kai wa 'yata. Kada ka tsaya surutu a hanya, rana ba ta jira.”

Tun daga ranar, duk zagayen da Sauro ya je, da kwalbar yake dawowa, kuma yana isowa da ita kafin ta yi tsami. Memunatu ta tafasa, ta ba yarinya da cokali. Wuyan Zalia ya fara tsayawa. Har ta kai ta gane muryarsa: da ziiin ɗin nan ta karyo kwanar masallaci, sai ta yi shiru, ta fara tsotsar leɓe. Maƙwabta suna tsokanar Kofur cewa 'yarsa ba ta san shi ba, babur ta sani. Yakan yi dariya ya ce ai gaskiyarta, shi ɗan rakiya ne.

Ciwon ajali ya zo ta hanyar da ba a zata ba. Aka ce babban baƙo zai zo daga Accra. Kamar yadda aka saba, duk abin da ba ya motsi aka shafa masa fari: duwatsun bakin titi, gindin itatuwa, bakin kwata, har turken tuta. Sai kuma magana ta bazu a bariki cewa duk babur ɗin da bai dace da shiga jerin rakiya ba, za a ce ya gama aiki, a kulle shi a sito. Ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba, har yau ba a sani ba. Amma ta hana Kofur barci, don ya san abin da yake ɗaure a ƙarƙashin kujera.

Amininsa Sajan Andani ne ya samo mafita, da kyakkyawar niyya, Allah shi ne shaida. Ya zo da ragowar fentin mai da aka shafa wa ƙofofin ofis, suka jingine Sauro a tsakar gida suka hau shi da buroshi. Suka shafe tanki, suka shafe ƙafafu, suka shafe har haƙarƙarin inji, waɗannan siraran ƙarafan da yake shan iska ta tsakaninsu. Da baƙin ya nuna ta ƙasa suka ƙara wani shafin mai kauri, har ramukan suka cike suka yi sumul. Andani ya ja da baya ya dube shi ya ce, “Kai, Gariba! Yau Sauro ma ya sauke farali. A ce masa Alhaji ko a ci tara!” Gida ya ɗauki dariya. Memunatu ma ta yi, tana kare hancin yarinya daga warin fenti. Ba wanda ya lura cewa likkafani ake yi masa da ransa.

Ranar Alhamis aka sa shi a wutsiyar jeri. Su Alhaji suka buɗe wuta a kan kwalta, abin da aka yi su dominsa ke nan. Sauro, wanda duk rayuwarsa a hankali yake tafiya, yana hutawa a gindin kaɗanya in rana ta yi zafi, aka ce ya bi su. Ya bi. Waɗanda suke tsaye a bakin titi sun ce muryarsa ta yi sama irin yadda ba su taɓa ji ba, fentin ya fara tafasa yana hayaƙi, wari ya cika hanya. Sai ya yi kaf-kaf-kaf, kamar mai son faɗin wani abu. Sai ƙas. Ƙafar baya ta daskare, ta watsar da Kofur a kwalta, fatar hannunsa da ta kwankwasonsa suka tafi. Jerin bai tsaya ba. Baƙon ma da ƙyar in ya san da wani baƙin babur mai farar riga a bayansa.

Da jini a jikinsa Kofur ya tura shi har Bulpiela, wajen Imurana bakanike, wanda ya daɗe yana jinyarsa. Imurana ya buɗe inji, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce, “Kofur, wannan sai haƙuri. Ya dahu a cikin rigarsa.” Kayan da za a musanya babu su a Tamale, babu a Kumasi. Wai ana iya samu a Togo, iyaka kuwa a rufe take. Iyalin ba su riƙe kowa a zuci ba. Sajan Andani ya zo har sau biyu ya kasa shigowa, ana roƙonsa ya shigo.

Marigayin ya rasu ya bar Kofur Gariba, wanda aka ba usur aka ce ya koma tsaron mahaɗar titi da ƙafa da zarar hannunsa ya warke. Ya bar su Alhaji, suna nan lafiya a inuwar rumfa, an lulluɓe su, babu man da za a ba su sai wani baƙon ya zo. Ya bar rugage da yawa da yanzu ba mai leƙa su sai ɓarayi. Ya kuma bar Zalia. Tun ranar Alhamis ruwan kokon masarar agaji take sha, cikinta bai karɓa ba, yana gudu, maɗigarta ta fara faɗawa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta juya kai, ta saurara, ta ga ba shi ba ne. Kofur ya gwada zuwa rugar da keken aro, da hannu ɗaya. Ya fita da asuba ya dawo bayan magariba, aka buɗe wata kwalbar da Kadiatu ta cika masa, madarar ta yi tsami tana wari. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hular kwano. Matarsa ba ta taɓa ganinsa haka ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyalin sun karɓa. Binnewa ma babu, don gawar ta gwamnati ce. Ranar Asabar bayan la'asar za a turo shi daga shagon Imurana zuwa siton bariki, siton nan da aka yi masa fenti don ya kauce wa. Mai son rakiya ya zo da ƙafa. Kafin a kulle ƙofa iyalin za su karɓi abin da yake nasu: tsummokin zanen da suke cikin tayar baya, da igiya, da kwalba. Ba za a yi abincin sadaka ba, babu abin dafawa, kuma ana roƙon kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Ga manyan da suke da ikon sayen wani, roƙon Memunatu ɗaya ne: in Allah ya kawo sauƙi, a nemo siriri, mai dogayen ƙafafu, marar kyan gani, a kuma bar shi da launin da ya zo da shi.

Zaman makoki ba a Sakasaka za a yi ba. Kadiatu ta aiko Hamman da saƙo cewa tun da madara ta kasa zuwa, a kawo mata yarinyar, akwai wuri a bukkarta. Ranar Lahadi bayan sallar asuba Memunatu za ta goya Zalia ta kama hanya. Kofur zai raka su har bayan Gurugu, sannan ya juyo, mahaɗarsa tana jiransa. Yaushe za ta dawo, ba ta sani ba, kuma tana roƙon kada a tambaye ta.

Wanda yake son yi mata gaisuwa, ya bi titi har inda kwalta ta ƙare, daga nan ya bi sawun shanu, ya tambayi rugar Hamman. In kuma a kan farin babur ya zo, ya ajiye shi a bakin kwaltar, ya ƙarasa da ƙafa.